Birni da Ƙauye a Italiya Bayan Daular Rumawa: Shaidar Kufai da Tsingaro

1.0 Gabatarwa

Littattafan tarihi da ake karantarwa a makarantu sukan nuna cewa Daular Rumawa ta Yamma ta faɗi a shekarar 476 Miladiyya, lokacin da Odoacer ya tuɓe sarkinta na ƙarshe. Ɗalibi yakan haddace wannan shekara, ya ɗauka a rana guda komai ya rushe. Wannan maƙala za ta duba abin da ilimin binciken kufai ya gano a birnin Rum da karkarar Italiya daga ƙarni na 5 zuwa na 8, domin a ga yadda rayuwar jama'a ta sauya sannu a hankali, da kuma darasin da ke ciki ga malamai.

2.0 Birnin Rum

A zamanin sarki Agustus, mazauna Rum sun kai kimanin miliyan ɗaya. Mafi yawan hatsin da suke ci daga Afirka ta Arewa ake kawo shi ta jiragen ruwa. Da Bandalawa suka ci birnin Kartaj na ƙasar Tunisiya ta yau a shekarar 439, sai harajin hatsin nan ya yanke. A shekarar 537 kuma, lokacin yaƙi da Gotawa, aka datse manyan hanyoyin da ke kai ruwa cikin birni. Zuwa ƙarni na 7 jama'ar ba ta wuce 'yan dubun-dubata ba.

Alamun wannan raguwa suna nan a ƙasa. Tsohuwar dokar Rumawa ta hana binne gawa cikin ganuwa, amma daga ƙarni na 5 da na 6 an sami kaburbura a tsakiyar unguwanni. Manyan gine-gine kuma sun sake aiki, alal misali ɗakin bautar Pantiyon da aka mayar coci a shekarar 609.

Duk da haka birnin bai mutu ba. Tonon da Daniele Manacorda ya fara a shekarar 1981 a wurin da ake kira Crypta Balbi ya fito da juji biyu masu muhimmanci. Jujin ƙarshen ƙarni na 7 cike yake da fasassun tulunan mai da giya daga Afirka ta Arewa da gabashin Bahar Rum, tare da ragowar kayan maƙera. Wato shekara ɗari biyu bayan 476 fatauci yana tafiya. A jujin ƙarni na 8 kuwa, kayan nesa sun ɓace, sai tukwanen gida da na kudancin Italiya. Tsakanin juji biyun ne Larabawa suka ci Kartaj, a shekarar 698.

3.0 Karkara

Daga shekarun 1950, wasu masana ƙarƙashin John Ward-Perkins sun bi gonakin arewacin Rum da ƙafa suna tsintar tsingaro. Abin da ya fi taimaka musu shi ne jajayen kasaken Afirka, waɗanda John Hayes ya tsara zamunansu a shekarar 1972. Sakamakon ya nuna cewa gidajen gona sun fara raguwa tun ƙarni na 3, wato tun kafin faɗuwar daula da nisa.

A nan akwai wurin lura. Rashin tsingaron Afirka a gona ba lallai ne ya nuna rashin mutane ba. Manomin da ya koma akushi da bukka ba ya barin sawu mai saurin ganuwa. Riccardo Francovich da abokan aikinsa na Jami'ar Siyena sun tona ƙarƙashin ganuwoyin dutse a Montarrenti da Poggibonsi, suka tarar da ramukan dirkokin bukkoki. Wannan ya nuna talakawa sun tattaru a kan tuddai ɗaruruwan shekaru kafin ƙarni na 10, lokacin da takardu suka fara yawan ambaton ƙauyuka masu ganuwa.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, birni da ƙauye kowanne da saurin sauyinsa, kuma ba ɗaya da ya dace da shekarar 476. Takarda tana riƙe labarin sarakuna da malamai, juji kuwa yana riƙe na mai tukwane da manomi. Manhajar da ta dogara ga shekarun faɗuwar sarakuna kawai za ta bar mafi yawan al'umma a waje.

Malamin Hausa yana da makamancin wannan a ƙofar gidansa. Tarihin Kano da aka rubuta ya fara jerin sarakuna da Bagauda a wajen shekarar 999, alhali ragowar matoyar tama a Dutsen Dala ta nuna akwai masu narka ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7. Don haka ana ba da shawarar a sa darasin karanta kufai cikin manhaja, a riƙa kai ɗalibai kufan da ke kusa da su, su tambayi dattawa labarinsa, sannan su gwada abin da suka ji da abin da suka gani.