Gonar Ayar Talotalon Daji

A wannan makon mun leƙa Amurka, inda ake noma aya ba don kunu ba, sai don talotalon daji.

A shekarun 1930 tsuntsun nan ya kusa ƙarewa a can. An sare dazuzzuka, maharba kuma sun daɗe suna kwasarsa zuwa kasuwa. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai don farfaɗo da namun daji. Hukumomi suka yi ta kiwon talotalo a keji suna saki. Asara aka tafka, domin wanda bai tashi a bayan uwarsa ba bai san yadda ake tsere wa namun dawa ba. Sai a 1951, a jihar Karolina ta Kudu, aka fara kama na daji da ragar da ake harbawa da albarushi, ana kai su dazukan da suka ƙare.

To, tsuntsun da aka kai baƙon wuri, abinci ke zaunar da shi. Aka riƙa share ƙananan filaye cikin daji ana shuka alkama da ciyayi, a jigawar kudancin ƙasar kuwa ayarmu, wadda suke kira "chufa". Idan ganye ya bushe sai talotalo ya tona da ƙafa. Wanda bai san ta ba, har tono masa ita ake yi ya ɗanɗana.

Zuwa farkon shekarun 2000 adadinsu ya kusa miliyan 7. Mu dai kada mu ɗauka tausayi ne zalla: yawancin masu shukar maharba ne, kuma a bakin gonar suke laɓewa.