Daular Atina: yadda asusun haɗin gwiwa ya koma haraji, da yadda daular ta rushe

Atina, babban birnin ƙasar Girka a yau, ta taɓa zama ƙasa mai cin gashin kanta. A wancan zamani Girka birane ne barkatai, kowanne da gwamnatinsa da sojojinsa da kuɗinsa. Daga shekarar 478 zuwa ta 404 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Atina ta juya birane da tsibirai fiye da 150 a kewayen Tekun Ejiyan. A lura, shekarun wancan lokaci ƙidayarsu baya-baya take tafiya, wato 478 ta riga 404.

Mafarin abin

Tsoron Farisa ne ya haɗa kan Girkawa. Daular Farisa ta kawo musu hari a 490, Atinawa suka kore ta a Maraton. Da aka samu azurfa mai yawa a ma'adinan Lauriyon, wani ɗan siyasa mai suna Temistokilis ya shawo kan jama'a a ƙera jiragen yaƙi da kuɗin maimakon a raba. Waɗannan jirage ne suka karya rundunar ruwan Farisa a Salamis a 480, sannan aka ƙarasa sojojinta na ƙasa a Filatiya a 479.

Bayan yaƙin, biranen gaɓar teku suna fargabar Farisa za ta dawo. Sparta, wadda ta fi kowa ƙarfin sojan ƙasa, ta ja da baya, sai Atina ta karɓi jagoranci. Aka ƙulla ƙawance a 478, aka ajiye baitulmali a tsibirin Delos. Kowane birni ya kawo ko dai jirage ko kuɗi. Aristidis, wanda aka yi wa shaidar adalci, shi ya yanka wa kowa kasonsa, jimla talanti 460 a shekara. Talanti ɗaya ya kai kimanin kilo 26 na azurfa.

Yadda ƙawaye suka koma talakawa

To, a nan gizo ke saƙar. Birane da yawa sun ga biyan kuɗi ya fi sauƙi a kan tura 'ya'yansu tuƙin jirgi shekara da shekaru. Da kuɗin nasu Atina ta riƙa ƙara jirage, su kuwa suna mantawa da yaƙi. Ranar da wani ya so fita, ba shi da abin da zai kare kansa.

Naksos ce ta fara gwadawa, aka yi mata ƙawanya har ta miƙa wuya. Tasos ta yi tawaye a 465 kan rikicin ma'adinai da kasuwanni. Bayan fiye da shekara biyu aka rushe ganuwarta, aka ƙwace jiragenta. A 454 aka ɗauke baitulmalin daga Delos zuwa Atina, kuma daga nan ana cire kashi ɗaya cikin 60 na kuɗin a ba gunkiyar birnin. Manyan shari'u na ƙawaye suka koma kotunan Atina. Aka riƙa raba wa talakawan Atina gonaki a ƙasar waɗanda suka yi taurin kai.

A zamanin Ferikilis birnin ya kai ƙololuwa. An fara gina haikalin Fatenon a 447, aka kammala a 432, kuma tun a lokacin 'yan adawa suna zarginsa da ƙawata gari da kuɗin ƙawaye. Abin lura shi ne Atina dimokuraɗiyya take yi a gida, maza 'yan ƙasa ke kaɗa ƙuri'a, ban da mata da bayi da baƙi. Kowane jirgin yaƙi na ɗaukar matuƙa 170, galibinsu talakawa masu karɓar lada. Ka ga ke nan mai ƙuri'a shi ne mai cin moriyar daular, da wuya ya yarda a sassauta.

Yaƙi da Sparta

Yaƙin ya ɓarke a 431. Tusididis, ɗan Atina da ya yi kwamanda a yaƙin kuma ya rubuta tarihinsa, ya ɗora ainihin dalilin a kan bunƙasar Atina da tsoron da ta jefa wa Sparta. Dabarar Ferikilis ita ce a bar ƙauyuka, kowa ya shige cikin dogayen ganuwoyin da suka haɗa birnin da tashar jiragen ruwa, a riƙa kawo abinci ta teku. Cunkoso ya jawo annoba a 430, kuma ita ta kashe Ferikilis kansa a 429.

Daga nan mulkin ya ƙara tsanani. A 427 majalisa ta yanke a kashe duk mazan Mitilini saboda tawaye, washegari ta sake shawara, ta tura jirgi na biyu ya riski na farko. Duk da haka an kashe kimanin mutum 1,000. A 416 aka kashe mazan tsibirin Melos, aka sayar da mata da yara, don sun ƙi shiga ƙawancen.

Babban kuskuren shi ne Sisili. A 415 aka tura jiragen yaƙi 134 don cin birnin Sirakus, daga baya aka ƙara wasu. Zuwa 413 rundunar ta hallaka gaba ɗaya, aka tsare fursunoni wajen 7,000 a ramukan fasa dutse. Ƙawaye suka fara ɓallewa. Farisa, wadda saboda ita aka kafa ƙawancen tun farko, ta zuba wa Sparta kuɗin gina rundunar ruwa.

Faɗuwa

Atina ba ta noma abin da zai ishe ta. Alkamarta daga Baƙin Teku take zuwa, ta mashigin da yanzu ake kira Dardanel a Turkiyya. A 405 kwamandan Sparta, Lisanda, ya shammaci jiragen Atina a bakin gaɓa a Egosfotami, ya kama kusan dukkansu, ya toshe hanyar abinci. Yunwa ta sa birnin ya miƙa wuya a 404. Biranen Korinti da Tibis sun nemi a shafe Atina, Sparta ta ƙi. Aka rushe dogayen ganuwoyin, aka bar mata jirage 12 kacal, aka ɗora mata gwamnatin mutum 30 da suka kashe jama'a da yawa kafin a dawo da dimokuraɗiyya a 403.

A 378 Atina ta sake kafa wani ƙawancen, har da rubutaccen alkawari cewa ɗan Atina ba zai mallaki fili a ƙasar ƙawaye ba. Duk da haka manyan ƙawayen suka yi tawaye a 357, sannan Sarki Filibus na Makidoniya ya ci Atina da Tibis da yaƙi a 338. An sassaƙa jerin garuruwan da suka biya harajin farko a kan duwatsu, kuma gutsattsarinsu na nan a gidan tarihi a Atina, sunan kowane gari da abin da aka cire daga kasonsa.