Tarihin Haɗa 'Yantacciyar Manhaja da Manhajar Mallaka a Ƙarƙashin Lasisin GPL

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce bin diddigin wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masana shari'a da 'yan kasuwa tuwo a ƙwarya, wato ko ya halatta kamfani ya ɗauki 'yantacciyar manhaja ya haɗa ta da tasa wadda ya ɓoye asalin rubutunta, ya sayar da su tare.

Asalin Lasisin

A shekarar 1980 Amurka ta gyara dokarta ta haƙƙin mallaka har ta fayyace matsayin manhajar kwamfuta a cikinta. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU, sannan a 1989 ya fito da lasisin GPL. Hikimar lasisin ita ce amfani da wannan doka wajen kare 'yanci: kowa na iya kwafar manhajar, ya gyara, ya ma sayar, amma da sharaɗin ya bayar da asalin rubutun, kuma duk abin da ya tsiro daga gare ta ya bi wannan ƙa'ida.

Gwaji na Farko

Kamfanin NeXT na Steve Jobs ya gina mafassarin harshen Objective-C a kan GCC, ya nemi ya rarraba nasa sashen a rufe, masu saye su haɗa sassan biyu da hannunsu. Bayan Stallman ya nemi shawarar lauya sai ya ƙi, domin kuwa raba kaya biyu bai hana su zama manhaja ɗaya ba. Daga bisani NeXT ya saki rubutun.

Maƙwabtaka da Cuɗanya

Lasisin, musamman bugu na biyu na 1991, ya bambanta abubuwa biyu. Idan manhajoji masu zaman kansu suka zauna a faifai ɗaya kawai, wannan maƙwabtaka ce, kuma sharaɗin bai hau kan ta mallaka ba. Idan kuwa suka cuɗanya suka zama aiki ɗaya, ya hau. A wannan shekarar aka samar da LGPL, wanda ya yarje wa manhajar mallaka ta jingina da wasu 'yantattun sassa ba tare da ta buɗe kanta ba.

Amma maƙwabtaka ba ta yafe bayar da rubutun 'yantaccen sashen ba. A 2003 aka gano Linux a cikin na'urar rarraba intanet ta Linksys, WRT54G. Rubutun da aka matsa wa kamfanin ya saki shi ya haifi OpenWrt a 2004. A wannan shekarar kuma wata kotu a Munich ta Jamus ta zartar da sharuɗɗan GPL a kan kamfanin Sitecom.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin tarihi bai haramta haɗin ba, iyaka kawai ya shata masa. Saboda haka wajibi ne mu malamai mu koya wa ɗalibanmu karanta lasisi kafin su ari manhaja, domin kyauta ce mai ɗauke da amana.