Ruwan Tibiri: kada mu manta

Jama'a, wa ke tuna abin da ya faru a Tibirin Gobir, nan kusa da Maraɗi? A 1985 aka haɗa garin da sabon foraji, kowa na murna ruwan pampo ya zo. Ashe sinadarin fuliyor ya yi wa ruwan yawa, ya ninka ma'aunin OMS, miligiram 1,5 a lita, fiye da sau uku. Ba launi, ba wari. Shekara kusan 15 yara na sha, haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe. Daga baya ƙungiyar ANDDH ta kai kamfanin ruwa SNE kotu. Yaran nan yau manya ne, suna nan da nakasarsu. Don Allah, duk inda aka haƙa mana foraji, mu tambaya: an auna ruwan kuwa?