Cinikin Dawaki da Mutanen Nesa a Zamanin Da

Tun zamanin da, babu wata dabba a ƙasar Hausa da Barno wadda ta kai doki daraja. Da shi a ke yaƙi, da shi sarki ya ke fita, da shi kuma a ke gane mai arziki. Amma ko da ya ke a Arewa a ke kiwonsa, da yawa cikin masu sayensa da tsada mutanen nesa ne, kamar Nufawa da Yarbawa da mutanen Gwanja. Dalili kuwa shi ne, a ƙasashensu akwai ƙudan tsando, wanda cizonsa ya kan sa wa dabba ciwon sammore. Doki ba ya daɗewa a can, balle ya hayayyafa. Saboda haka kullum sarakunan Kudu suna bukatar sababbi, kullum kuma fatake suna kai musu. Rundunar mahayan da ta ɗaukaka Tsohon Oyo, wanda Hausawa su ke kira Katunga, da dawakin Arewa aka kafa ta.

To, falke ya kan sha wuya kafin ya kai doki kasuwa mai nisa, amma wuyar da ta fi wannan ita ce ta karɓar kuɗinsa. Doki ba kamar turkuɗi ko kanwa ba ne, da za a jibge a ɗaki a jira kasuwa ta yi kyau. Kowace rana sai ya ci dawa da ciyawa, kowace rana kuma yana iya kwantawa ciwo. Mai saye ya san haka, ya kan ja ciniki har mai doki ya ƙosa. Ban da wannan, falke baƙo ne, bai san mai gaskiya da maƙaryaci a garin ba. Sau da yawa kuma mai sayen basarake ne, wanda baƙo ba shi da ikon kai ƙararsa.

Littafin Tarihin Kano ya nuna daɗewar wannan ciniki. Ya ce Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi. Ya kuma ce Sarki Yakubu, wanda ya hau gado a 1452, ya aika wa Sarkin Nufe dawaki goma, aka ba shi babanni goma sha biyu. A wannan zamani da 'yan Adam a ke biyan kuɗin doki, mugun abin da ya jawo hare-hare da watsewar garuruwa masu yawa. Tsakanin sarki da sarki ba a cika cin amana ba, gama wanda ya hana biya bana ba zai sami doki baɗi ba, watakila ma ya jawo wa kansa yaƙi.

Amma ɗan kasuwa ba shi da wannan ƙarfi. Wani matafiyi mutumin Fas, Alhasan Alwazzan, wanda Turawa su ke kira Leo Africanus, ya gama rubuta littafinsa a kan ƙasashen Afirka cikin shekarar 1526. A ciki ya ba da labarin fataken da su ke ƙetaro hamada da dawaki zuwa wurin Sarkin Barno. Kowane doki a kan saye shi da bayi goma sha biyar ko ashirin. Sai dai sarki ya kan karɓi dawakin tukuna, ya hau su ya tafi yaƙi, masu dawaki kuwa su zauna jiran abin da zai kamo. Wani lokaci su yi wata biyu ko uku, sarki yana ciyar da su. In yaƙin bai yi kyau ba, sai su kai shekara guda. Marubucin ya ce waɗansu sun gaji har sun yi niyyar barin wannan fatauci. Kuskurensu a fili ya ke: sun saki doki ba su riƙe komai ba sai alkawari.

Da wuri ya zama kuɗin kasuwa a ƙasar Hausa, sai wata matsala ta ɓullo, watau nauyi da wuyar ƙirga. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare, sai dai a zube shi a ƙasa a riƙa ja da yatsu biyar biyar. A Tasawa Barth ya ga mutane sun taru suna ƙirga wuri 500,000. Wuri zambar ashirin shi ne keso ɗaya, shi ne kuma kayan mutum guda.

Wani Bature kuma mai suna Robinson, wanda ya zo Kano cikin 1894, ya ba da labarin yadda dokinsu ya kasa a hanya. Suka so su sayar da shi, sai suka ga kuɗinsa na wuri zai bukaci 'yan dako goma sha biyar, ladan 'yan dakon kuwa zai cinye kuɗin duka tun ba a kai ƙarshen tafiya ba. In an ba kowane ɗan dako keso ɗaya, wuri 300,000 ke nan. Ashe ko mai saye ya biya lakadan, da sauran aiki, gama kuɗin da ba ya ɓoyuwa kiran 'yan fashi ya ke yi.

Saboda waɗannan haɗura fatake suka ƙago dabarun tsare dukiyarsu. Ta fari ita ce tafiya cikin ayari. Mai doki ba ya fita shi kaɗai, sai ya bi madugu, wanda ya san hanya da sarakunan da ke kanta. Madugu ne ya ke daidaita garama da kuɗin fito a bakin Kwara, jagaba yana gaba, malamin ayari kuma yana rubuta abin da ya kamata a rubuta. Sarkin da ya zalunci mutum ɗaya cikin ayari ya san madugu zai iya sauya hanya baɗi, garinsa ya rasa garama.

Dabara ta biyu, wadda ta fi duka ƙarfi, ita ce maigida, wanda a ke kuma kira fatoma. A manyan zangunan da fatake su ke sauka, kamar Ilori da Bida da Salaga, akwai mutanen Arewa da suka zauna, suka yi gidaje, suka ji harshen garin. Falke ya kan sauka gidan ɗayansu, a ba shi ɗaki, a ba dokinsa turke. Maigida ya san wanda ya ke biyan bashi da wanda ya ke taurin bashi. Shi ya ke sa dillalinsa ya nemo mai saye, shi ya ke tafinta, a gabansa a ke ƙirga kuɗi, a ɗakinsa kuma a ke ajiye su. In ciniki na bashi ne, maigida ne ya ke tsayawa lamuni. Idan mai saye ya gudu ko ya ƙi biya, asarar a wuyansa ta ke. Abin da ya ke samu shi ne rabonsa na la'ada.

Me ya sa maigida ba ya haɗa baki da mutanen gari a cuci baƙo? Domin sunansa shi ne jarinsa. Fatake suna haɗuwa a zango, suna hira. In aka ji maigida ya ci amanar mutum ɗaya, ayari mai zuwa gidan wani zai sauka. Ta haka baƙon da ba shi da kowa ya sami mazaunin gari wanda cin abincinsa ya rataya ga a biya baƙon.

Dillali ma ba a bar shi sakaka ba. Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824 zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya yi mamakin tsarin kasuwar birnin. Ya ce in an sayi riga, a kan sa sunan dillali a rubuce cikin ƙunshinta. Ko an kai ta Barno, in aka buɗe aka tarar da algus, sai a komo da ita, dillali ya nemo mai ita, a tilasta masa ya mayar da kuɗi. Wannan labarin riga ne, amma ya nuna ƙa'idar kasuwa: wanda ya shiga tsakani ya ci la'ada, shi za a nema ran da magana ta tashi.

Dabara ta uku daga Shari'a ta fito. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ta yi umurni a rubuta bashin da aka yanka wa ajali, a kuma kafa shaidu. Ayar da ke biye da ita ta ce in ana kan tafiya ba a sami marubuci ba, a riƙe jingina. Saboda haka falke mai hankali ba ya sallama doki sai a gaban shaidu, a faɗi kuɗi da ranar biya. In da malami kusa ya rubuta, in babu a ba shi abin da zai riƙe. Shaidun nan suna tsare shi ta wani gefen kuma. Shari'a ta ba mai saye ikon mayar da abin da ya saya in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa. Mai neman hana biya ya kan fake da wannan, ya ce doki da gurguntarsa ya zo. Don haka a kan sa mai saye ya duba haƙora da kofato da gadon baya, ya hau ya yi sukuwa, duk a idon jama'a. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Dabara ta huɗu ita ce juya kuɗi su zama kaya. Falken da ya kai doki Salaga ba ya komowa da kesunan wuri. Goro ya ke saye, wanda a ke kawowa daga ƙasar Asante, ya ɗora wa jakuna, in ya iso Kano ya sake cin riba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun shahara a wannan hanya, har yaƙin basasar da aka yi a Salaga cikin 1892 ya watsa kasuwar.

Zuwan Turawa ya sauya abubuwa da yawa. Yaƙe-yaƙe suka ƙare, sarakunan Kudu suka daina neman dawakin yaƙi. A 1904 aka hana shigo da wuri. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Sule da fam suka maye gurbin keso, har kuɗin da a da sai mutum goma sha biyar za su ɗauka ya koma abin da a ke sa wa a aljihu, ko a aika ta gidan waya. Duk da haka maigida bai mutu ba. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan cikin 1962 da 1963, ya tarar shanun da a ke kawowa daga Arewa bashi a ke ba mahautan Yarbawa, masu gidaje kuwa su ne su ke tsayawa lamuni, kamar yadda kakanninsu suka yi.

Yau doki na hawan salla ne da sukuwa da wasan folo, ana kuwa cinikinsa a kasuwanni irin ta Maigatari, a loda shi a mota zuwa gari mai nisa. Naira ta maye gurbin fam tun 1973, kuɗi kuma ta banki da wayar hannu su ke tafiya. Mai saye ya kan yi ciniki bai taɓa ganin mai doki ba. Macuta ma sun bi zamani, su kan aiko da saƙon ƙarya mai nuna kuɗi sun shiga alhali ba su shiga ba. Maganin abin shi ne wanda fatake suka gano tun tuni. Kada a kwance doki daga turke sai mai shi ya tabbatar daga bankinsa cewa kuɗi sun shiga. In kuwa bashi ne, a rubuta, a kafa shaidu, a sami sanannen mutum mazaunin gari wanda zai tsaya lamuni.