Saje Bankole Vivour Da Daren Nurembag

Idan aka ta da zancen Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar nan, waɗanda su kan fara faɗo mana a rai su ne sojan ƙasa da suka tafi Bama, suka kara da Japanawa cikin kurmi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san akwai 'yan Nijeriya da suka yi wannan yaƙi a sararin sama, har waninsu ya bar ransa can. Sunansa Saje Bankole Vivour, mutumin Ikko.

Kafin yaƙi, rundunar mayaƙan sama ta Ingila ba ta ɗaukar kowa sai Bature. Cikin watan Oktoba 1939 aka ɗage wannan doka, samari kaɗan daga Afirka ta Yamma suka shiga bisa ga son ransu. Vivour yana cikinsu. Da ya gama koyon aiki aka sa shi ƙungiya ta 156, watau cikin masu nuna hanya. Aikinsu shi ne su riga sauran jirage isa, su saki wuta mai launi bisa wurin da za a jefa wa bom, domin na baya su gane shi cikin duhu. Jirginsu ana ce da shi Lankasta, yana da inji 4, mutum 7 ke cikinsa.

Ran 30 ga Maris 1944 da dare, aka tashi jirage 795 zuwa Nurembag, wani babban birni a kudancin Jamus. Daren akwai farin wata, amma shugabanni sun sa rai gajimare zai rufe jiragen a hanya. Tun da rana wani jirgin leƙen yanayi ya komo da labari, ya ce da wuya a sami gajimaren nan. Duk da haka ba a fasa ba.

To, da suka wuce Beljiyam suka shiga Jamus, sai ga sama garau. Hanyar da aka tsara musu kuwa miƙaƙƙiya ce, fiye da mil 200 ba karkacewa, ta kuma bi kusa da wuraren da jiragen farauta na Jamus su kan taru da dare. Ga shi tururin inji ya zana fararen layuka a bayansu, kowa na gani. Jamusawa suka yi ta shigowa ta ƙarƙashinsu, inda masu bindiga ba su iya hangowa, suna harbi sama. Jirage suka yi ta kamawa da wuta suna faɗuwa.

Waɗanda suka tsira suka isa Nurembag, suka tarar gajimare ya lulluɓe birnin, iska kuma ta kautar da su. Bom da yawa ya zuba cikin karkara, waɗansu ma wani gari dabam suka jefa wa, mai suna Shuwainfut. Da gari ya waye aka ƙidaya, jirage 95 ba su komo ba, mutum 545 sun halaka. Duk tsawon yaƙin, rundunar masu jefa bom ta Ingila ba ta yi hasara irin ta wannan dare ba. Jirgin su Vivour yana cikin waɗanda ba su komo ba, shi kuma ya rasu a daren.

Mayaƙan wannan runduna 55,573 suka mutu a yaƙin. An daɗe ba a gina musu abin tunawa ba, gama bom ɗinsu ya hallaka mata da yara masu yawa a biranen Jamus, abin kuwa ya tsaya wa mutane a rai. Sai cikin 2012 Sarauniya Alsabatu ta Biyu ta buɗe musu ginin tunawa a Landan.

Masu karatu, da aka ce yaƙi ɗan zamba ne, ga shaida. Saurayi ya bar garinsu, ba wanda ya tilasa shi, ya mutu a ƙasar da ba ta san shi ba, cikin harin da bai biya bukata ba. In muna lissafin mazajen da suka tafi Bama, ya kamata mu sa sunansa a ciki. Allah Ya kiyashe mu da sharrin yaƙi, amin.