DAGA SANƘARAU ZUWA SIKILA: YADDA LIKITOCIN YARA SUKA SAKE NEMAN AMANARMU

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wani ɗan tarihi ne da ya daɗe yana ci min rai.

A bazarar 1996 ina 'yar sakandire, sanƙarau ya shigo mana Ƙafin Maiyaki. Ƙanina ya tashi daga ciwon, amma tun daga lokacin bai ƙara jin kiran sallah ba. A shekarar, cutar ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. A nan ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a binciken da ya haɗa yara 200, 11 daga ciki suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan tabon yana cikin dalilan da mutane suka riƙa kawowa. Kafin a dawo da shi a 2004 cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, kuma ba a ga ƙarshenta a jiharmu ba sai a 2014, a Sumaila.

Wannan gadon likitan ƙwaƙwalwar yara mai bincike ya tarar. Ga layin marasa lafiya tun asuba, ga ɗalibai, ga kuɗin bincike da sai an nemo daga waje, ga uwar da ta ji kalmar "gwaji" ta goya ɗanta ta fice.

Duk da haka an yi abin a yaba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala da Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt, sun bi yara 220 masu sikila waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya yana ba da kariya kamar matsakaici. Ga talakan da ba zai iya ƙarin jini duk wata ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Haka kuma a farkon shekarun 2020 an koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci 60 a Kano da Zariya da Kaduna gane farfaɗiyar yara da yi mata magani, tunda ƙwararrun ba su da yawa.

Ni a ganina nan ya kamata a sa ƙarfi: binciken da zai iso Kiru da Doguwa, da bayani cikin Hausa kafin uwa ta dangwala hannu.

Mu ma marubuta muna da laifi. Sau nawa muka kayar da yarinya a littafi tana kumfa, muka ce kishiya ce ta yi mata asiri? Ni kaina na yi, kuma na daina.

Allah ya ba yaranmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.